Injin leza na rubutu a jikin ƙarfe: yawan wat ne abin dubawa?

Tambaya: Malam, ina da ƙaramar masana'anta inda muke yin faranti na ƙarfe marar tsatsa da ake liƙawa a jikin injuna, da murafen roba na akwatin wuta. Na gaji da kai aikin rubuta lambobi waje. Wani dillali ya ce in ɗauki injin leza nau'in faiba mai wat 50, wai babu abin da ba zai rubuta a kai ba. Ya isa, ko in ƙara wat?

Amsa: Malam, kafin mu zo kan wat, bari mu fara da maganar dillalin nan, domin a nan ake yawan yin asara. Babu injin leza guda da ke cin kowane irin kaya. Tsawon zangon hasken da injin ke fitarwa shi ke nuna abin da zai kama. Faiba yana fitar da haske mai nanomita 1064 (nanomita shi ne ma'aunin tsawon zangon), wanda ƙarfe ke sha sosai, don haka farantinka nasa ne. Injin CO2 kuwa haskensa nanomita 10,600 ne, gwani ne a katako da fata da kwali da gilashi, amma idan ka ɗora masa tsuran ƙarfe ba zai bar komai ba sai an shafa masa wani sinadari tukuna. Na uku shi ne UV, mai nanomita 355, wanda ba ya dumama kaya sosai, shi ya sa ake son sa a roba mai laushi da kayan lantarki.

Murafen robarka su ne abin tsoro. Wata robar tana karɓar faiba ta fito da rubutu tsaf, wata ta narke ko ta kumbura, wata kuma ko alama ba za ta nuna ba. Robobi biyu masu kala ɗaya ma suna iya bambanta saboda sinadaran da aka gauraya a cikinsu. Kada ka yarda da samfurin da dillali ya ajiye a teburinsa, ai wanda ya fi kyau ya zaɓa. Ɗauki farantinka da murfinka, ka ba shi ainihin rubutun da kake bugawa, har da mafi ƙanƙantar lamba, a buga a gabanka kana riƙe da agogo. Sannan ka goge wurin da man da kuke wanke kaya da shi ka gani ko zai tsaya.

Idan robar PVC ce, to kada ta kusanci leza ko kaɗan. Tana fitar da hayaƙi mai sinadarin kulorin da ke illata huhu, ya kuma ci ƙarfen injin da kansa.

Batun wat kuma, rubutun sama-sama a kan faranti wat 20 ko 30 yana yin sa. Wat 50 amfaninsa sauri ne da sassaƙa mai zurfi. Da ni ne, kuɗin ƙarin wat ɗin zan juya su in nemi faiba nau'in MOPA, wanda ake iya daidaita tsawon bugun haskensa. Wannan ke sa ya fi sassauci a kan roba, yana kuma fitar da baƙin rubutu mai kyau, har da launuka, a kan ƙarfe marar tsatsa.

Ka kuma tambayi girman filin da ruwan tabarau ɗin injin ke rufewa. Mai milimita 110 ta kowane gefe ɗigon haskensa ƙarami ne, rubutu ya fito siriri. Mai 300 yana ɗaukar babban faranti, amma hasken ya bazu, ƙarfinsa ya ragu. Mutane da yawa kan zaɓi babba don “ko wata rana”, sai su dawo suna cewa injin ba shi da ƙarfi.

A rubuta maka a takardar ciniki sunan kamfanin da ya ƙera ainihin tushen hasken, IPG ne ko Raycus ko JPT, da tsawon garantinsa, da wanda zai zo gyara idan ya tsaya. Awa 100,000 da ake yawan faɗa ƙiyasi ne na tushen hasken kawai, ban da madubai da allon sarrafawa. Ka tabbatar kuma manhajarsa, EZCAD ce ko LightBurn, tana ƙara lambar siriyal, wato lambar jeri ta kowane faranti, da kanta.

Hasken faiba ido ba ya ganinsa, kuma ƙarfe mai sheƙi yana iya mayar da shi cikin idon ma'aikaci ya ƙona shi nan take. Buɗaɗɗen inji aji na 4 ne, mafi haɗari, a ma'aunin haɗarin leza na IEC 60825-1, rufaffe mai ƙofar da ke kashe haske idan an buɗe kuwa aji na 1, mafi aminci. Tunda akwai ma'aikata masu kai-kawo a wurinka, rufaffen za ka saya, tare da na'urar zuƙe hayaƙi, ka sa kuɗinta cikin lissafi tun yanzu.