Amsa kan ma'anar whereas

Malama Hadiza, kin tambayi ko whereas da while duk ɗaya ne. Suna haɗuwa a wuri guda, wajen kwatanta abubuwa biyu masu bambanci, inda mu za mu ce "alhali kuwa": Kano is hot, whereas Jos is cool. Amma whereas ba ta ɗaukar ma'anar lokaci ko kaɗan. Ina dafa abinci ya shigo, nan while ce kawai.

Whereas tana da wani aikin a takardun shari'a da yarjejeniya, inda take nufin "ganin cewa". Gabatarwar sanarwar kare haƙƙin ɗan Adam ta 1948 sau 7 ta buɗe magana da ita. Ni dai shawarata, ki ajiye ta don rubutun jarrabawa da wasiƙar ofis, a hira tana da nauyi.