Filin da sojoji suka bari: wa ke da ikon yanka shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. A bayan unguwarmu, nan gefen garin Sakkwato, akwai fili da sojoji suka taɓa koyon harbi a cikinsa. Sun daɗe da daina zuwa, wayar shinge ta zube, sai awaki ke kiwo. Mun roƙi ciyaman ya yanka mana kasuwa da tashar mota, ya ce ba huruminsa ba ne. Gaskiya ya faɗa ko zille mana yake yi? *Mai karatu daga Sakkwato*

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ciyaman bai zille muku ba. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, amma sashe na 49 ya keɓe filayen da Gwamnatin Tarayya da hukumominta ke riƙe da su lokacin da dokar ta fara aiki. Tsofaffin filayen soja suna cikin wannan rukuni, kuma zubewar shinge ba ta sauya mai fili. Ko da Abuja ta saki wurin, in yana cikin yankin da gwamna ya ayyana a matsayin birni, gwamna ne ke da iko da shi. Ikon ƙaramar hukuma a sashe na 6 ya tsaya ne ga filayen karkara.

Saboda haka ku fara da fayil ɗin takardun filin, ba da kasuwa ba. Ƙaramar hukuma ta rubuta wa ma'aikatar filaye ta jiha a duba: yaushe sojoji suka samu wurin, wa ya ba su, eka nawa ne? In bayan 1978 ne, mai yiwuwa gwamna ne ya ba su, sai a ga sharuɗɗan da ke cikin takardar. Daga nan gwamnatin jiha ce za ta nemi Ma'aikatar Tsaro da hedikwatar soja su tabbatar a rubuce cewa ba su da buƙatar wurin. Alƙawarin baki daga kwamandan bariki ba ya zama hujja. Gobe a sauya masa wurin aiki, magajinsa ya zo da motar rusau. Musaya na iya warware maganar: jiha ta ba sojoji wani fili nesa da gari, su sakar mata wannan.

Bayan takarda sai safiyo. Ya nemo tsofaffin turakun siminti masu lamba, ya gwada su da taswirar da ke fayil. A nan rigima ke ɓullowa, don galibi za a tarar 'yan awon igiya sun riga sun ci gefe, sun sayar da fulotai masu faɗin ƙafa hamsin da tsawon ƙafa ɗari da takardar mai unguwa kawai.

Abin da mutane suka fi rainawa shi ne abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Tudun da ake harbi a kansa cike yake da dalmar harsashi, ga gurneti ko bam da bai tashi ba yana iya kwana cikin rairayi shekaru da ransa. Sai ƙwararrun soja masu kwance bam sun bi filin layi-layi da na'urar gano ƙarfe, sun ba da shaida a rubuce, har da zurfin da suka bincika. Ku lura da zurfin nan: wurin da aka tsabtace don kiwo bai isa a tona harsashin ginin shago ko masai ba. Wanda ya tuna fashewar ma'ajiyar makamai ta Ikeja a ranar 27 ga Janairu 2002, da ta yi sanadin rayuka fiye da 1,000, ba zai ce an tsananta ba. A kuma gwada ƙasa da ruwa kafin a haƙa rijiyar burtsatse, musamman in akwai tsohon tankin mai a binne. Kafin nan, ku ja kunnen yara da 'yan gwangwan: ƙarfe mai tsatsa da aka tsinta a irin wannan wuri ba na kai wa sikeli ba ne, a bar shi inda yake a kira 'yan sanda.

Sai an gama wannan hukumar tsara birane ta zana hanyoyi, magudanan ruwa da wurin kasuwa, gwamna ya ba ƙaramar hukuma takardar mallaka.

Tambaya: Mahaifinmu ya shekara fiye da 20 yana noman gero a irin wannan fili. In aka raba, muna da diyya? *Wata mai karatu*

Amsa: Malama, daɗewa kaɗai ba ta ba da takardar mallaka a filin gwamnati. Diyyar da sashe na 29 ya tanada ta wanda aka soke wa haƙƙin da yake riƙe da shi ce, kuma a kan gini, amfanin gona da sauran abin da ya kashe wa wurin ake lissafa ta. In gonar gado ce tun kafin zuwan sojoji, ku nemi a duba fayil ko an biya kakanninku a lokacin. Ku tabbatar sunan Baba ya shiga jerin da za a ɗauka ranar ƙidayar gonaki, hakimi yana wurin.