Hukuncin Tausa Ga Ɗan Wasan Ƙwallo

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan ƙwallon ƙafa ne a wata ƙungiya da ke Kano. Bayan atisaye ko wasa, mai kula da lafiyarmu yakan yi mana tausa a ƙwauri da cinya da gadon baya, wani lokacin kuma idan mun yi tafiya sai a kawo mace ta yi aikin. Mene ne hukuncin haka, kuma yana karya azumi?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Ɗana, Allah Ya saka maka da alheri da ka nemi sanin hukunci kafin ka ci gaba.

Asalin tausa halal ce, domin nau'i ce ta magani, kuma Manzon Allah (SAW) ya yi umarni da neman magani a hadisin Usamatu ɗan Sharik wanda Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa an yi wa Annabi (SAW) ƙaho kuma ya ba mai ƙahon ladansa, wanda ke nuna cewa babu laifi mutum ya miƙa jikinsa ga gwani domin magani, babu laifi kuma gwanin ya karɓi kuɗin aikinsa. Amfanin da likitoci suka tabbatar wa tausa shi ne rage tsamin jikin da ke taso wa ɗan wasa bayan wahala, wanda yakan tsananta tsakanin awa 24 zuwa 72, da sassauta naman da ya ɗaure, da samar da natsuwa. Wannan amfani ne na gaske ko da ba mai yawa ba ne, kuma ya isa a kira shi buƙata.

Inda maganar ta yi nauyi shi ne cinya, domin a nan mafi yawan aikin ɗan ƙwallo yake. Al'aurar namiji a mazhabar Malikiyya, da ma wajen mafi yawan malamai, daga cibiya ce zuwa gwiwa. Hujjarsu hadisin Jarhad ne cewa cinya al'aura ce, waɗanda suka sassauta kuma sun riƙi hadisin Anas cewa cinyar Annabi (SAW) ta bayyana ranar Khaibar. Imamul Bukhari ya ce hadisin Anas ya fi ƙarfin isnadi, wato jerin waɗanda suka ruwaito shi, na Jarhad kuma ya fi fitar da mutum daga saɓani. Shi ya sa malamanmu suka kasa al'aura gida biyu, mai tsanani (gaba da dubura) da mai sauƙi, suka sanya cinya a cikin mai sauƙi. Abin da nake gani, saboda haka, shi ne idan naman cinyarka ya ɗaure ko ya yi ciwo, ya halatta namiji gwani ya taɓa wurin gwargwadon buƙata, a buɗe inda ake aiki kawai a rufe sauran, kuma idan aikin zai yiwu ta saman wando ko mayafi to hakan ya fi. Amma tausar jin daɗi kurum, babu ciwo babu gajiyar da ke hana aiki, ba ta kai a buɗe cinya dominta ba. Al'aura mai tsanani kuwa ba a kusantarta sai da lalurar jinya a hannun likita.

Batun mace kuwa, ba ya halatta matar da ba muharramarka ba, ba kuma matarka ba, ta yi maka tausa matuƙar akwai namijin da zai iya, kuma a harkar ƙwallo samun namiji ba abu ne mai wuya ba. Taɓawa ta fi kallo nauyi, kuma Annabi (SAW) ya hana namiji keɓewa da mace ba tare da muharraminta ba. Ka nemi shugabanninku cikin ladabi su tanadi namiji. Haka hukuncin yake ga 'yan wasa mata, mace ce za ta yi musu.

Akwai sharaɗin da 'yan wasa ke sakaci da shi, kuma yana damuna, wato ƙwarewa. Murza sabon rauni mai kumburi, ko wurin da ake zaton karaya, ko ƙafar da jini ya daskare a jijiyarta, yana iya jawo babbar illa, kuma ya zo a hadisin Abu Dawud da Nasa'i da Ibn Majah cewa wanda ya yi aikin likita alhali ba a san shi da shi ba, lamunin ɓarnar yana kansa. Kada ka bari abokin wasa ya danne maka targaɗe da sunan taimako.

Tausa ba ta karya azumi, haka man da ake shafawa a fata. Idan dai ta motsa sha'awa har maziyyi ya fita, akwai ramuwa a wajen Malikiyya, don haka wanda ya san hakan daga kansa ya jinkirta ta zuwa bayan buɗa-baki.

Allah ne Mafi sani.