Kafin ki tura kuɗin zaman shawara, tambayi takardunta

Wata mai jego daga Zariya ta rubuto: "Anti, wata huɗu ke nan da haihuwata, ba na barci, kuka nake ba dalili, ko jaririn ba na son ɗauka. Na ga wata a Instagram tana cewa ita ƙwararriya ce kan damuwa, zama uku naira dubu 60. In biya?"

'Yata, sannu. Ba ke kaɗai ba ce, kuma ba rashin imani ba ne. Damuwar bayan haihuwa ciwo ce sananniya, ana warkewa. Amma riƙe kuɗinki tukuna. Shika na kusa da ke, asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) da ke can yana da sashen likitocin ƙwaƙwalwa, kuɗin kati bai kama ƙafar abin da aka yanka miki ba. Ki tafi da maigida ko yayarki. In har zuciyarki ta fara raya miki cutar da kanki ko jaririn, yau za ki je, ba gobe ba.

Bari in tsaya a kan waccan ta Instagram, don abin ya ishe ni. Yanzu duk wanda ya iya Turanci ya sayi fitilar ɗaukar bidiyo ya zama mai gyaran zuciya. Ku san masu wannan aiki na gaske mutum uku ne, kowa da karatunsa. Likitan ƙwaƙwalwa ya yi shekara 6 a karatun likita, ya yi horon asibiti, sannan ya ƙara wasu shekaru yana ƙwarewa, kuma shi ke rubuta magani. Masanin halayyar ɗan Adam na asibiti ya yi digiri na farko da na biyu, ya yi horo da marasa lafiya, aikinsa gwaji da magani ta hanyar zance, ba ya rubuta ƙwaya. Mai ba da shawara kuwa galibi daga tsangayar ilimi ya fito, ya fi ƙarfi a rikicin aure, matsalar ɗalibai da zaɓin sana'a. Nagari a cikinsu shi ne wanda zai ce miki "wannan ya fi ƙarfina, je asibiti".

To ki tambaye ta: a wace jami'a kika yi karatu? A wane asibiti kika yi horo? Wa ya yi miki rajista? Likita na gaske yana da lambar MDCN, hukumar da ke yi wa likitoci rajista a Najeriya, ba ya jin haushin a tambaye shi. Wadda ta amsa miki da hotunan saƙonnin godiya na "waɗanda suka warke", ta riga ta nuna miki abu biyu: ba ta da takarda, kuma ba ta riƙe sirri. Gobe naki za ta wallafa. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, wannan giɓin ne 'yan damfara ke cin kasuwa a ciki.

Wani matashi daga Gusau: "Akwai kwas na sati biyu a intanet, in na gama zan iya buɗe ofis?"

Ƙanena, tela ma sai ya shekara yana sa maɓalli kafin a ba shi shadda ya yanka. Nemi gurbi a jami'a.

Wani uba daga Kano: "Ɗana ya faɗa shan kodin da tiramol. An ba ni shawarar gidan mari."

Alhaji, Allah ya shirya shi, amma kar ka kai shi. A 2019 'yan sanda sun fito da mutum sama da 300 daga wani gida irin wannan a Rigasa, Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa. Raba jiki da waɗannan ƙwayoyi aikin likita ne, don yankewa farat ɗaya na iya jawo masa mummunan ciwo. Ga asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a gabanka, ga asibitin Malam Aminu Kano, ga na Barnawa a Kaduna. Ka tambaya musamman ko suna da wanda ya ƙware kan shaye-shaye, kuma me suka tanada bayan sallama, don a nan yawanci ake komawa ruwa. Addu'a da ruƙiyya ku ci gaba da yi a gida, amma duk malamin da ya ce a ajiye maganin asibiti, ku ajiye shi malamin.