Irin ciyawa ya ƙi tsirowa a ƙofar gida

Tambaya: Malam, na sayi irin ciyawar ƙawata gida na watsa a ƙofar gidanmu da ke Aboabo cikin Janairu. Yau mako uku ke nan ina ban ruwa safe da yamma, amma tsiron ɗai-ɗai nake gani. Ko irin ne ya mutu? Daga wata mai karatu, Kumasi.

Amsa: Hajiya, kada ki zubar da sauran irin tukuna. Ƙirga ƙwaya 50, ki naɗe su a tsumma mai danshi, ki ajiye a inuwa har zuwa wata guda kina yayyafa ruwa. In ko rabi bai tsiro ba, sai ki nemi sabo.

Ina kyautata zaton ciyawar kiri-kiri aka sayar miki, wadda 'yan kasuwa ke kira Bermuda. Irinta kashi biyu ne. Wanda aka cire wa ɓawo yakan fito cikin mako ɗaya zuwa biyu, mai ɓawo kuwa yana iya kai wata guda, domin ruwa ba ya ratsa shi da wuri. Kamfanoni na sassauta ɓawon wasu ire-iren da asid, amma wannan ba aikin gida ba ne, musamman inda yara ke wasa.

Ni jiƙawa nake yi. Ki ƙulle irin a ƙyalle, ki tsoma a bokitin ruwa na awa 24, ki sauya ruwan bayan awa 12. Daga nan ki baza shi a inuwa ya tsane har ya daina manne wa hannu, ki cuɗa da busasshen yashi, ki watsa a ranar. Irin da ya sha ruwa ya riga ya farka, ba ya son jira.

Abin da ya fi ci min rai shi ne binnewa. Na sha ganin an rufe wannan ɗan mitsitsin iri kamar masara. Haske yake so. Ki ja manjagara sama-sama, kada ƙasar da ke kansa ta wuce rabin santimita, sannan ki danna da faifan katako.

Janairu ma bai taimake ki ba, don iskar hunturu na busar da saman ƙasa kafin azahar. Ki dakata zuwa Afrilu da ruwa ya zauna, ko Satumba. Ruwan Kumasi da ƙarfi yake sauka, saboda haka ki shimfiɗa busasshiyar ciyawa shara-shara don kada ya kwashe irin, kuma ki killace wurin saboda kajin maƙwabta.