Jan ɗigo ko lunet, wanne zan ɗora wa .375 ɗina?

Tambaya: Salamu alaikum Baba, ina gaisuwa. Ni ɗan Garwa ne, shekara uku ke nan ina aiki a wani zon, wato yankin farauta, ta wajen Poli, takarduna sun fito kuma patron, wato maigidana, ya damƙa min bindiga .375 H&H. Abokan aiki sun raba min hankali, wasu su ce in sa jan ɗigon nan da ake cewa pwen ruj, wasu su ce lunet, wato madubin bindiga mai jawo nesa. Kuɗin guda ɗaya gare ni. Wanne zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya sa albarka. Abu ɗaya ka manta ba ka faɗa min ba, kuma can maganar take: harbinka na farko ne ko na ƙarshe? Wato kai ne za ka zaɓi naman ka harba daga nesa, ko kuwa kana bayan baƙon da ya zo farauta ne, sai bauna ta ji rauni ta shige ciyawa sannan a waiwayo ka?

Jan ɗigo dai ba ya jawo nesa ko kaɗan. Gilashi ne da ɗan haske a tsakiya, idonka biyu a buɗe, inda ɗigon ya sauka nan harsashi zai je, ba sai ka tsaya jera ido da ƙarfen gaba da na baya ba. Kamfanin Aimpoint na Suwidin suka fara fito da shi a 1975, ƙananan nasu na yanzu da kyar su wuce giram 100, batirin CR2032 guda kuma suna cewa zai yi awa 50,000. Daga mita 10 zuwa 60 wallahi ban ga abin da ya fi shi sauri ba, kuma duk naushin da bindiga za ta yi baya ba zai taɓa maka gira ba don yana can nesa da fuska.

To amma dajinmu fa na Faro da Benuwe ba kurmin kudu ba ne. Da zarar an ƙone ciyawa a Disamba zuwa Janairu daji ya buɗe, gwanki ko kanki zai tsaya maka a mita 150 ko 200 yana kallonka, ka ƙara taku ɗaya ya tafi. Ɗigo mai 2 MOA (ma'aunin girman ɗigon ke nan) yana rufe kusan santimita 6 a mita 100, a 200 ya zama 12. Mai 4 MOA kuwa a mita 200 ya rufe faɗin farantin tuwo. Wannan ma da sauƙi, babbar matsalar gani ce. Ga hazon hunturu, ga ƙasa baƙa da toka, ga garken bauna sun cuɗe a inuwa, yaya za ka bambance tsohon namiji da mace mai ɗa, ko ka ga siririn reshen da ke tsakaninku wanda zai kautar da harsashi? Ka harbi abin da ba ya cikin kota, wato adadin naman da aka yarda a harba, ka ga yadda za ka ƙare da mutanen MINFOF, ma'aikatar gandun daji da namun daji ta Kamaru, ga patron kuma. Lunet aikinta ke nan, ta nuna maka abin da za ka harba kafin ka taɓa kunama.

Ita ma tana da nata sharrin, kuma ni a jikina na koya. Wata shekara muna bin jini a bakin wani mayo, wato rafi, na manta lunet ɗina tana kan 6, wato tana jawo nesa sau shida, tun harbin safe, bauna ta taso daga ciyawa bai fi taku 15 ba, na ɗaga bindiga ban ga komai ba sai baƙin gashi ya cika gilashi, ban san kafaɗa ba ne ko ciki. Abokin aikina ne ya kwantar da ita. Har yau in na tuna jikina sanyi yake yi. Tun ran nan lunet ɗina a kan 1 take kwana, sai in nama ya tsaya nesa nake murzawa sama, nesa ai tana ba ka lokaci.

Saboda haka tunda kuɗin guda ne kuma .375 ce, wadda tun 1912 da Holland & Holland suka fito da ita ake yin kusa da nesa da ita, ni dai ka sayi ƙaramar lunet 1-4x24 ko 1-6x24 mai ɗan jan haske a tsakiyar giciyen. A kan 1 ta kusa zama jan ɗigo, ko da ba ta kai shi sauri ba kuma ta fi nauyi, kusan rabin kilo. Ko batiri ya mutu baƙin giciyen yana nan. Kar wani ya ruɗe ka da katuwar 4-16 irin ta fim, ba ta da aiki a nan. Ka duba tazarar ido da gilashin lunet ta kai santimita 9 ko kusa, in ba haka ba ran da ka harba a gaggauce za ka dawo kampaman, wato sansani, da jini a gira, pistoci masu bin sawu kuma ba za su taɓa barin ka manta ba. Montaj ɗin, wato ƙarfen da ke riƙe lunet a kan bindiga, kada ka yi masa rowa, na arha .375 girgiza shi take har ya kwance, kuma in ka samu mai cirewa da hannu ya fi, ka cire ka koma kan ƙarfen bindiga in ta kama.

In kuwa aikinka tsare baƙo ne kawai, ba ka harbi sai abu ya ɓaci, ko nan gaba aka ba ka .416 Rigby ko .458, to sayi jan ɗigo mai 2 MOA hankali kwance. Sai dai ka leƙa shi tukuna kafin ka biya, wasu idanun maimakon ɗigo sai su ga tauraro ko waƙafi, laifin ido ne ba na kayan ba. Kuma ko wanne ka ɗora, in ka sha hanyar Poli a bayan mota ka harba uku a takarda a mita 50 da harsashin da za ka shiga daji da shi, ka tabbata reglaj, wato saiti, bai goce ba.