Ta ina masu shiga shafina suke zuwa?

Tambaya: Malam barka da aiki, ina da shago a Kantin Kwari ina sayar da shadda da atamfa, yarona ya buɗe min shafi a intanet, to a lissafin masu shiga ina ganin wasu daga Google suke amma wallahi ban ganin abin da suka rubuta kafin su faɗo wajena, dan Allah meye matsalar?

Amsa: Alhaji ba laifin yaronka bane. Yawanci in mutum ya danna mahaɗi ya shigo shafinka, burawuzarsa (manhajar da yake buɗe shafukan intanet da ita) na gaya wa sabarka (kwamfutar da ke ɗauke da shafinka) daga inda ya taso, kamar dai baƙo ya shigo shago ya ce ai daga Sabon Gari aka turo ni. A da har kalmar da mutum ya rubuta tana biyowa, kaga "shadda mai arha Kano" ɓaro-ɓaro, amma tun 2011 Google suka fara ɓoye ta, zuwa 2013 kuwa kusan gaba ɗaya suka rufe, wai don sirrin masu bincike, ni dai nace har da kasuwancinsu a ciki.

Mafita ita ce ka sa yaron ya haɗa shafin da Google Search Console, kyauta ne, can za ka ga kalmomin da kuma sau nawa aka danna. Sannan kar ka yi mamaki in kaga da yawa an rubuta kai tsaye suka zo, mai yiwuwa 'yan WhatsApp ne da ka tura wa mahaɗi a sitatus, shi ba ya faɗin daga inda mutum ya fito.